Kuɗin shiga lambunan gari da filayen wasa: wa zai biya, nawa, kuma ina kuɗin za su?

Duk lokacin da asusun gari ya yi ƙasa, idon hukuma yakan koma kan ƙofofin da ba a karɓar kome a bakinsu: lambun shan iska, filin ƙwallo na unguwa, gidan matasa, dandalin wasa. Masu son a sa kuɗi suna cewa abin da ba a biya ba ya ɗorewa. Masu ƙi kuwa suna cewa talaka ya riga ya biya lanfo, don me za a sake tare shi a bakin inuwa? Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Abin da ya rage shi ne a zauna a yi lissafi, yadda ɗan kasuwa yake yi kafin ya yanka wa kayansa farashi.

Inuwa ma tana da ɗawainiya

Wanda ya san watan Afrilu a Yamai, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin itace. Tun 1975 ƙasarmu ta mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa. Ana dasawa kowace shekara, da kiɗa da jawabi. To amma dashe na rana ɗaya ne, ban ruwa kuwa na kullum ne. Lambu yana son mai ban ruwa, da mai shara, da mai gadi. Yana son a biya kuɗin famfo da na wuta a ƙarshen wata. Benci yana karyewa, makewayi yana cika, awaki suna fasa shinge. Waɗannan duka kuɗi ne, kuma ba su san an sauya magajin gari ba.

Mun ga abin da rashin kula yake haifarwa. Gandun itatuwan nan da aka fara dasawa a gefen Yamai a 1965 don ya kare birnin daga iska da ƙura, wanda faɗinsa ya haura hekta 2,000, an yi ta gutsurarsa da gine-gine da juji har wasu sassansa sai suna. Babban filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989 da taimakon ƙasar Sin, shi ma ya ɗanɗana: daga 2021 zuwa 2024 ƙungiyar Mena ta buga wasanninta na gida da dama a Maroko, saboda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ba ta amince da yanayin filin ba. Idan haka ta sami filin da yake hannun gwamnatin ƙasa, me ake zato ga ɗan lambun da ke hannun ƙaramar hukuma?

Akwai kuma wani haɗari da ya fi lalacewar benci. Filin da ba ya kawo ko dala, kuma ba a ganin mutane a cikinsa, shi ne na farko da ake yankawa fegi-fegi idan aka matsu da kuɗin albashi. Sayar da filaye ya daɗe da zama hanya mafi sauƙi ta cike giɓin asusun garuruwanmu. Amma fili sau ɗaya ake sayar da shi. Unguwar da ta rasa dandalinta ta rasa shi ke nan har jikoki.

Wa ke da ikon yanka farashi?

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisu a ƙananan hukumomi 265 na ƙasar nan. Dokar 2010 da ta tattara ƙa'idojin mulkin ƙananan hukumomi ta ɗora musu nauyin abubuwa da yawa na yau da kullum, ciki har da tsabtar gari, da wuraren shan iska, da wasanni da al'adu, wata doka ta wannan shekarar kuma ta ba biranen Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayi na musamman. A tsarin, majalisa ce take tattaunawa ta tsai da farashi, wakilin gwamnati ya duba ko an bi doka, magajin gari ya zartar, ma'ajin gari kuma shi kaɗai ke da ikon riƙe kuɗin. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Ko mai riƙe da gari zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayar tana nan inda take.

Ma'aikatan kuɗi sun san bambancin da ke tsakanin haraji da ladan aiki, amma yana da kyau kowa ya san shi. Haraji, kamar lanfo ko fatanti, ana biyansa ne ba tare da an miƙo wa mai biya wani abu hannu da hannu ba. Da shi ake yin abin da ya shafi kowa. Ladan aiki kuwa kuɗi ne da mutum yake bayarwa don wani abu da shi ya amfana da shi kai tsaye, kamar rumfar kasuwa ko wurin yanka a mayanka. Ƙa'idarsa ita ce ya yi daidai da aikin da aka yi wa mai biya. Kuɗin ƙofar lambu ladan aiki ne. Ranar da aka yanka shi bisa yawan bashin da ake bin ma'aikatar magajin gari, ba bisa ɗawainiyar lambun ba, ya zama haraji na biyu da aka sauya wa suna.

Darasin gidajen likita

Kafin a ce kyauta ta fi, ko a ce biya ya fi, ya kamata a tuna da abin da muka gani a fannin lafiya, domin mun gwada duka biyun. Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, ƙasashe da yawa, har da tamu, suka shiga tsarin da majinyaci zai biya wani abu don a samu a riƙa sabunta magani. Magani ya samu a wurare da dama, amma matalauta da yawa suka daina zuwa, musamman bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Iyaye mata suka cika gidajen likita da ƴaƴansu, abin da ya nuna cewa kuɗin ne yake tsare su a gida. Sai dai kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin mayar wa gidajen likitan ya riƙa makara wata da watanni, har wasu suka rasa abin sayen magani.

Darasin guda biyu ne. Na farko, kuɗi kaɗan a idon mai albashi katanga ne a gaban mai ƴaƴa da yawa. Na biyu, duk kyautar da ba a faɗi wanda zai ɗauki nauyinta ba, ƙarshenta rufe ƙofa. Lambu ba gidan likita ba ne, ba a mutuwa don an rasa shi rana ɗaya. Amma halin aljihun mutane ɗaya ne a ƙofofin biyu.

Mu yi lissafi

Ga misali na zato, don mai karatu ya ga yadda abin yake tafiya; kowane gari sai ya sa nasa adadin. A ce lambu ne mai hekta 1, da masu gadi 2, da mai ban ruwa 1, da mai shara 1. Idan aka biya kowannensu mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, wato jika 42, an tashi jika 168 a wata. A ce ruwa da wuta da ƙananan gyare-gyare sun ci jika 132. Jimla jika 300 ke nan kowane wata.

Idan aka ce ƙofa ce za ta biya wannan, a kan dala 20 kowane mutum, sai an sami mutum 3,000 a wata, wato 100 a kowace rana. Amma karɓar kuɗi ma tana cin kuɗi. Sai an ɗauki mai sayar da tikiti da mai duba shi, jika 84. Sai an buga tikitin, a ce jika 16. Ɗawainiya ta koma jika 400, kuma yanzu mutum 4,000 ake nema a wata. Ma'ana, a cikin kowace dala 4 da aka karɓa, dala 1 ta tafi ga aikin karɓar kanta. Ba a ma yi maganar katangar da dole a gina ba, domin ba a karɓar kuɗin ƙofa a wurin da ba shi da ƙofa.

Yanzu a dubi ɗaya gefen. Magidanci ya zo da matarsa da ƴaƴa 6: mutum 8, dala 160. Idan mai ƙaramin albashi ne, abin da yake samu a yini dala 280 ne. An ce masa ke nan ya ba da fiye da rabin guminsa na yini don ya zauna ƙarƙashin dogon yaro. Ba zai zo ba. Da mutane sun ragu sai kuɗin shiga ya ragu. Da ya ragu sai a ƙara farashi. Da an ƙara sai sauran su gudu. Duk ɗan kasuwa ya san wannan rami, ya kuma san cewa riba kaɗan da ciniki da yawa ta fi kaya jibge a rumfa.

To, a bar ƙofar a buɗe, a sake lissafin. Rumfuna 10 na masu shayi, da tsire, da ruwan sanyi, da masu ɗaukar hoto, kowace a kan jika 10 a wata: jika 100. Wani sashe da aka keɓe don walimar aure ko suna ko taron ƙungiya, sau 4 a wata a kan jika 40: jika 160. Ajiyar babura 30 a rana a kan dala 10: jika 45. Jimla jika 305. An rufe ɗawainiyar lambun, ba a tare ko yaro ɗaya a ƙofa ba, kuma masu rumfuna sun fi kowa son a bar ƙofar haka, domin taron jama'a shi ne jarinsu.

Ba kowane lambu ne lissafinsa zai fita haka ba. Na bakin gari, inda babu ciniki, sai asusun gari ya tallafa masa. Amma kafin a buga tikiti, wajibi ne a yi wannan lissafin a rubuce, a kuma nuna shi.

Inuwa kyauta, kujera da kuɗi

Ƙa'idar da lissafin ya nuna mai sauƙi ce. Abin da mutum zai more ba tare da ya rage wa wani ba, kamar inuwa, da hanyar tafiya, da filin da yara ke guje-guje, haraji ne ya kamata ya ɗauke shi. Abin da mutum zai keɓe wa kansa ya hana wasu, ko ya yi ciniki da shi, ko yake cin ruwa da wuta da abinci saboda shi, wannan a biya.

A lambun Luksambur na birnin Faris an daɗe ana bin irin wannan tsari: shiga kyauta, zama a benci kyauta, amma wanda yake son kujerar ƙarfe da zai ja zuwa inda ya ga dama sai ya biya matan da ke zagayawa da tikiti. Sai a 1974 aka daina karɓar kuɗin kujerar. Mu ba mu kai ga yafe kuɗin kujera ba, amma babu abin da ya hana mu fara da yafe inuwa.

Akwai wuraren da kuɗin ƙofa ya zama dole. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da zakoki da kuraye da dorina, waɗanda ba su san ƙarshen wata ba: kullum sai sun ci. Wannan gida na gwamnatin ƙasa ne, ana biya a shiga, kuma duk wanda ya ga cincirindon yara a ƙofarsa ranar salla ya san mutane ba sa ƙin biya idan akwai abin gani. A Wagadugu, dajin nan na Bangr-Weoogo da ke tsakiyar birni, wanda gwamnatin Burkina Faso ta miƙa wa hukumar birnin a 2001, ana shigarsa da kuɗi kaɗan. A Bamako, babban lambun ƙasa mai hekta 103 da aka buɗe a 2010 da haɗin gwiwar gidauniyar Aga Khan shi ma da tikiti ake shiga, kuma gidajen abinci da wurin motsa jiki da ke ciki suna taimakawa wajen ɗaukar nauyinsa. Waɗannan manyan wurare ne masu katanga da ma'aikata da yawa. Kuskure ne a ɗauki ma'auninsu a auna ɗan filin unguwa.

Inda ƙofa ta zama dole, akwai hanyoyin sassautawa da aka sani: yara ƙanana su shiga kyauta, ƴan makaranta da naƙasassu da tsofaffi su biya rabi, a yi tikitin iyali, a ware rana ɗaya a mako da ba a karɓar kome, baƙo mai yawon buɗe ido ya biya fiye da ɗan gari. Sharaɗi ɗaya ne: rangwamen ya zama na abin da ido yake gani. Idan aka ce sai an kawo takardar shaidar talauci daga ofis, an buɗe wata kasuwa ke nan ta masu sayar da takarda.

Filin wasa da gidan matasa

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin galibin ƴan ƙasar nan matasa ne. A da, kowane gari yana da dandali, kuma ba a taɓa karɓar ko tamma a bakinsa ba. Amma dandali bai taɓa zama marar mai shi ba: sarkin samari da jama'arsa su ne masu share shi da tsare mutuncinsa. Zamanin samariya ma da gayya aka gina wurare da yawa. Samari sun biya, da gumi.

Yau saurayin da aka kora daga fili don ba shi da dala 10 ba gida zai koma ba. Fada zai koma, a bakin titi, da butar shayi har tsakar dare. Abin da gari ya samu a ƙofa bai kai abin da ya rasa ba. Saboda haka wasan yamma na yaran unguwa bai kamata ya shiga jerin farashi ba ko kaɗan. Ƙungiyar da take son a keɓe mata fili a wasu sa'o'i tana iya biya da kuɗi, ko ta biya da aiki: shara, ban ruwa, shafa farar ƙasa, bisa yarjejeniya a rubuce. Amma mai shirya wasan kiɗa a gidan matasa, wanda zai sayar da tikiti ya ci riba, ko kamfanin da zai kafa allon talla, ko jam'iyyar da za ta yi gangami, waɗannan su biya cikakken farashi, da kuɗin ajiya na abin da za a fasa. Abin takaici, sau da yawa akasin haka ake gani: mai hali ya zo da ɗan rubutu daga sama a ba shi zaure kyauta, yaro kuma a tare shi a ƙofa.

Filayen kokowa su ma abin dubawa ne. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, gasar tana zagaya jahohi, yau guda 8. Fili yakan sha gyara da fenti idan layi ya zo kan garinsa, sannan ya shiga jira na shekaru. A tsakanin nan, hayar filin ga masu shirya kokowa ta gida, da dambe, da bukukuwa, bisa farashin da kowa ya sani, ita ce za ta hana a sake gina shi daga tushe kowane zagaye.

Ina kuɗin suke zuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi farashin kansa muhimmanci. A ƙa'idar kasafin kuɗi da muka gada, duk abin da aka karɓa asusu ɗaya yake shiga, ba a cewa wannan dala ta lambu ce, waccan ta kasuwa. Ƙa'idar tana da hikimarta, amma sakamakonta a ƙasa shi ne kuɗin ƙofar lambu yana iya ƙarewa a tankin motar ofis, famfon lambun kuma a yanke shi saboda bashi. Mai biya yana gani. Ƴan kasuwa da suke karɓar tikiti kowace safiya alhali juji yana bakin rumfarsu sun fi kowa sanin wannan ciwo.

Akwai kuma abin da ba ya ma isa asusun. A watan Yuni na 2019, bayan bukukuwan ƙaramar salla, aka nemi naira miliyan 6.8 na kuɗin ƙofar gidan namun daji na Kano aka rasa. Labari ya bazu har ƙasashen waje cewa wai goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan jihar na lokacin ya sa a yi bincike, ya kuma bayyana cewa gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya. An yi dariya, amma darasin ba na dariya ba ne: kuɗin da ya kwana a aljihun tebur, dabbobi masu ƙafa biyu ne suke cinye shi.

Maganin ba sabo ba ne. Tikiti mai lamba da hatimin ma'aji. Zuba kuɗi kowace rana. Wanda yake sayarwa daban, wanda yake dubawa daban. Inda ya yiwu a biya ta wayar salula don a rage hannuwa. Sannan a kasafin shekara a rubuta wa lambun layinsa na kashewa wanda bai gaza abin da ya kawo ba. Idan kuma an ba ɗan kasuwa riƙon wuri, a yi shi da gasa a fili, da wa'adi, da takardar sharuɗɗa da ta faɗi iyakar farashi da sashen da zai zauna a buɗe ga kowa. In ba haka ba, lambun gari yakan wayi gari ya zama gidan abincin mutum ɗaya, da mai gadi yana korar waɗanda aka yi shi dominsu.

Abu na ƙarshe allo ne. Allo guda a bakin ƙofa, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai ɗauke da farashi, da lambar ƙudurin da ya tsai da shi, da abin da aka karɓa a watan jiya, da abin da aka yi da shi. Kuɗinsa bai kai na benci ɗaya ba. Hukumar da ta iya kafa wannan allo ta sami hurumin neman dala 20 a hannun jama'a, kuma za su bayar. Wadda ta kasa, to, ta bar mutane su sha inuwarsu, tunda ba ita ta halicci itacen ba.